Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Ɗakunan Karatu Ta Jihar Kano: A Ara Mana Ɗaki Ɗaya Mai Shiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabanni da ma'aikatan wannan hukuma. Ina gaishe ku da aiki, Allah Ya ƙara lafiya, Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamar Hausa ce. Shekara 35 na yi riƙe da alli a makarantun sakandaren 'yan mata kafin in ajiye aiki, yanzu ina zaune a cikin birni, wajejen Ƙofar Na'isa. Na rubuto ne a madadin kaina da wasu mutum takwas da muka haɗu muna karanta tsofaffin labarai da tatsuniyoyi muna naɗar muryarmu, domin wanda ido ya gaza masa ya samu ya ji da kunne. Ba mai biyanmu, mu ma ba ma sayarwa. Abin da muke nema a wurinku bai taka kara ya karya ba, amma kafin in faɗe shi bari in gaya muku yadda aka yi muka iso ƙofarku.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, da littafi a hannu ya tashi. Akawu ne, kuma tun yana saurayi in ya karɓi albashi sai ya biya ta wurin masu littattafai kafin ya shigo gida. Har yau akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da littattafan Zariya waɗanda takardarsu ta koma ruwan ƙasa. Shekara shida ke nan da hawan jinin ido ya rufe masa gani gaba ɗaya. Wata rana da la'asar na shiga gaishe shi, na iske shi a kan buzu da littafi buɗe a cinyarsa, yana bin shafin da yatsa, littafin kuwa a kife yake, ƙasa a sama. Da ya ji motsina sai ya miƙo mini, ya ce, "Ke ce? Karanta mini ko shafi biyu ne." Na karanta muryata na rawa. Daga ranar ya zame mana al'ada, kullum bayan la'asar.

Da tafiya ta kama ni ta mako biyu, jikata ta ce, "Hajiya, ki karanta a wayata in naɗa, sai a riƙa kunna wa Baba." Haka muka yi. Ina dawowa, tun ban gama zama ba ya ce da ni, "Akwai gyara. Wurin da suka iso bakin rafi suka tarar da kuka, kin karanta kamar kukan hawaye. Kuka ce ta miya, bishiya ce, shi ya sa a gaba suka zauna a inuwarta. Sannan kin tsallake layi guda a wurin da sarki ya aika a kira waziri." Na ɗauko littafin na duba, duka biyun haka suke. Mutumin da ba ya gani ya kama abin da ni mai ido biyu da tabarau na wuce. A ranar na gane cewa aikin nan na mutum biyu ne, mai baki da mai kunne, kuma in an rasa na biyun, na farkon bai gama komai ba.

Wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take koyarwa a jami'a, ita ta fara gaya mini cewa abin da muke yi a tsakar gida akwai masu yin sa da tsari a duniya. Sunan ƙungiyar LibriVox. Wani mutumin Kanada, Hugh McGuire, ya kafa ta a birnin Montreal a 2005, da niyyar duk littafin da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare ya zama na kowa, a karanta shi da murya a ajiye kyauta. Ba su biyan mai karatu, kowa a gidansa yake naɗa da abin da Allah Ya hore masa. A watan Agusta na 2016 suka cika littafi 10,000, a Fabrairun 2021 suka kai 15,000. Yawancin rubutun daga Project Gutenberg suke ɗauko shi, taskar littattafan da Michael Hart ya fara a 1971, muryoyin kuma a wata taskar intanet mai suna Internet Archive ake ajiye su. Gajerun labarai suna da nasu tsarin. A buɗe kundi, kowa ya zaɓi labarin da ya kwanta masa, na Chekhov ɗan Rasha ne, ko na Maupassant ɗan Faransa, ko na O. Henry ɗan Amurka, ya karanta ya kawo, a haɗa su a fitar. Ba a yi wa murya jarrabawa. Mai zaƙin murya da mai gwarjinta duk an karɓa. Na'ura kaɗai ake gwadawa: sabon shiga ya naɗi minti ɗaya ya tura, a duba ko sautin ya yi ƙasa, ko akwai ƙarar da ke shigowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tsarinsu shi ne ba a sakin karatu sai wani mutum dabam ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe. Shi ne zai rubuto wa mai karatun cewa a minti kaza da daƙiƙa kaza ka maimaita jimla, a nan ka yi tari, a nan shiru ya yi tsawo. Wani lokacin ma sai ya riƙe rubutun a gabansa yana bi kalma da kalma. Mai karatu ya gyara ya sake turowa, a sake saurarar wuraren, sannan a ce ya yi. Muryar wannan mutumin ba ta fita a cikin naɗin.

Da aka yi mini wannan bayanin sai na ce ai mu a Kano wannan tsohon abu ne. Alaramma in ya rubuta Alƙur'ani da ka, komai ƙarfin haddarsa sai ya miƙa wa 'yan'uwansa alarammomi sun duba masa. Liman in yana jan dogon karatu a watan azumi, akwai mahaddaci a bayansa wanda zai tunasar da shi in ya yi tuntuɓe. Ban haɗa tatsuniya da Littafin Allah ba, Allah Ya tsare ni. Tarbiyyar nake nufi: garin nan ya daɗe da sanin cewa mai karatu, ko waye shi, yana bukatar mai saurare. Shi ya sa a tsakaninmu muke kiran wannan mutumin "mai kunne", kuma Yaya shi ne babban mai kunnenmu.

Hausa kuwa ta fi Turanci bukatar mai kunne, kuma a nan nake so ku ɗan tsaya tare da ni. Rubutun bokon da muke yi na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Mai karatu da ido in ya yi kuskure a zuci, yana isa ƙarshen jimla zai gane ya koma baya, ba wanda ya sani. Mai karatu a gaban makirufo ba shi da wannan damar. Da zarar ya furta, ta zauna, kuma za ta zauna a kunnen duk yaron da ya saurara, har ya ɗauka haka ake faɗa. Na koyar da Hausa tsawon rayuwata, amma sai da na fara naɗi na ga yadda baki ke riga hankali. Na saurari muryoyin na'ura da ake sa wa su karanta Hausa, na kuma saurari wasu daga cikin littattafan da matasa ke karantawa suna ɗorawa a YouTube. Daga cikin matasan nan akwai masu baiwar murya ta gaske, ina yi musu fatan alheri. Sai dai da yawa za ka ji an wuce kuskure ba a waiwaya ba, saboda ba kowa a bayansu da zai ce "dakata, sake".

Matsalar tana ninkuwa in aka zo kan tsofaffin littattafai, waɗanda su ne muka fi ƙarfi a kansu. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna a rubutun Hausa. Littattafan da aka buga kafin nan kowane Bature da irin tasa ƙa'idar. Sai ka ga kalma ka tsaya kana tunanin "daga" ce ko "ɗaga", "kafa" ce ko "ƙafa". Dole wani ya zauna ya juyo da rubutun zuwa ƙa'idar yau kafin a kai shi gaban makirufo, mai kunne kuma ya bi baya.

Bari in kwatanta muku yadda ake naɗi a cikin birnin Kano. Ni sai ƙarfe sha ɗaya na dare nake farawa, bayan yara sun kwanta, masu Adaidaita Sahu sun ragu a titi. In kashe fanka komai zafi, domin makirufo yana kama kaɗawarta. In rufe taga, in rataya bargo biyu a jikin ƙofa, in jera filo a bayan wayar don kada murya ta dawo daga bango. A watan Afrilu, a ɗaki rufe ba fanka, kun san abin da ake ciki. Minti goma ba a yi ba gumi ya jiƙa takardar. Sai ka kai tsakiyar labari, Gizo ya fara tsara wa kura zance, a ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareto. Shi ke nan, sai gobe. Ɗaya daga cikinmu, ɗalibi ne da ke zaune a gidan haya a Ɗorayi, cikin sif ɗin kayan mahaifiyarsa yake cusa kansa ya karanta, domin atamfofi suna shanye amsa-kuwwa. Wata kuma matar aure ce mai goyo a Fagge, tana da murya irin wadda in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" sai ka ji ka koma shekara bakwai a gindin kaka, amma a wata shida labari uku kacal ta iya kammalawa, saboda ba ta samun rabin awa na shiru a jere. Labarin minti 20 yakan ci mana awa uku zuwa huɗu, in aka haɗa naɗi da yanke kurakurai a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, da sauraro da sake gyara. A cikin shekara biyu labari 41 muka gama. Da muna da wuri, da mun ninka haka.

Yaya kuma yana da nasa tsarin. Da hantsi, bayan ya karya, jikata ta sa masa abin sauraro a kunne ta zauna gefensa da biro. In ya ɗaga hannu ta tsayar, ta duba lokaci ta rubuta: minti 7 da daƙiƙa 12, an ce "ta" a wurin "ya". Minti 9 da daƙiƙa 40, zakara ya yi cara. Wani lokacin gyaransa ya wuce na kalma. Ya taɓa mayar wa ɗalibin nan da labari guda sukutum, ya ce, "Ɗana, ka karanta shi kamar sanarwar rediyo. Kura ba haka take magana ba. Je ka ka saurari tsofaffi, ka dawo." Yaron ya je, ya dawo, karatun ya canza. Ban taɓa ganin abin da ya dawo wa Yaya da walwala ba tun da ya rasa ido kamar wannan aikin. Da, zama yake yi a jira a yi masa. Yanzu shi ake jira.

Sai maganar abin da ya halatta mu karanta, kuma nan ne ƙafarmu ta fi sarƙewa. Duk wanda ya ji muna wannan aikin tambayarsa ta farko ita ce, "Kun yi Magana Jari Ce?" Ba mu yi ba, ba kuma za mu sake shi ga jama'a ba sai da izini. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya kuma tana kare rubutun adabi har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato sai ƙarshen 2051. Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, sai ƙarshen 2036. Littattafan nan suna da masu su, akwai iyalai, akwai kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya. Mu da muke cewa muna girmama marubuta, bai kamata mu fara da cin haƙƙinsu ba. Karanta wa Yaya a ɗakinsa daban, watsa shi a wayoyin mutane daban.

Don haka muka koma baya, ga abin da aka buga tun kafin a haifi iyayenmu. Akwai kundin tatsuniyoyi da labarai mai juzu'i uku da Frank Edgar ya fitar a Belfast tsakanin 1911 da 1913, wanda asalinsa malamai ne suka rubuta da ajami, galibi a ƙasar Sakkwato, shi ya sa Sakkwatanci ya yi yawa a ciki. Akwai na R. S. Rattray na 1913, wanda wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana. Akwai Magana Hausa na J. F. Schön, na 1885. Sunan Turawa ne a bangon littattafan, amma maganar ciki ta kakanninmu ce, daga bakinsu aka ɗauka aka zuba a takarda, takardar kuma ta fi shekara ɗari tana kwance inda jikokinsu ba sa kaiwa. Mu abin da muke yi, mayar da ita baki ne, inda ta fito.

Ba duk abin da ke cikinsu ne za a kunna wa yara ba, gaskiya ɗaya ce. Akwai labaran da bakinsu ya yi kaushi, akwai masu zancen bayi da cinikinsu kamar ba komai ba, akwai masu muzanta mata. Mun yi muhawara mai zafi a kan wannan. Ra'ayina, wanda daga baya aka tsaya a kai, shi ne kada mu taɓa kalma ko ɗaya a ɓoye. Wanda ya dace da yara a ware musu, wanda bai dace ba a karanta shi yadda yake a faɗa a farkonsa cewa na manya ne da masu nazari. In muka fara goge abin da bai yi mana daɗi ba, gobe ba wanda zai amince da abin da ya ji daga wurinmu.

Akwai kuma abin da takarda ba ta iya riƙewa, wato waƙa. Tatsuniyoyi da yawa suna da 'yar waƙa a tsakiya, yarinya ta rera wa Dodo, ko tsuntsu ya rera a kan reshe. Malaman da suka rubuta sun ajiye kalmomin, karin kuwa ba yadda za su yi da shi. Mun taɓa maƙalewa a kan wata waƙa mako uku, kowa ya gwada nasa karin Yaya ya ce a'a. Ƙarshe sai na ɗauki takardar na je Yakasai wurin wata gwaggonmu da ta haura shekara 80. Na karanta mata baitin farko kawai. Ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, can sai ta ɗauka da wata siririyar murya, tana buga cinyarta da tafin hannu, har da baiti biyu da babu su a littafin. Ta ce a wurin kakarta ta ji, suna kaɗi da dare. Na naɗa a wayata, ana jiyo akuya da masu tallan awara a ciki. Gwaggo ta rasu bara da damina, Allah Ya jiƙanta. Wannan naɗin mai hayaniya shi kaɗai ya rage na waƙar. Tsofaffi irinta suna nan a Mandawari da Gwale da Ɗandago da Zango, kuma ba jiranmu suke yi ba.

To, ranku ya daɗe, ga abin da ya kawo ni.

Muna roƙon ku ara mana ɗaki ɗaya a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke Titin Ahmadu Bello. Ƙarami ma ya fi mana, wanda ke can ciki nesa da titi, ko da sito ne da ba a amfani da shi. Kwana biyu a mako ya ishe mu, ɗaya a cikinsu ya zama Asabar saboda ɗalibai da ma'aikata. Labule mai kauri da soson katifa da za a manna a bango mu za mu kawo, mun riga mun fara adashi a kai. Makirufo muna da guda ɗaya mai kyau. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne wuta mai ɗorewa wadda ba ta da ƙara, wato sola da batir, da kwamfuta ɗaya da za ta zauna a wurin. A gefe kuma a sa benci da abin sauraro biyu ko uku, domin masu kunne su samu wurin zama. Ina da yaƙinin in aka buɗe wannan ƙofar, malamai masu ritaya irina da tsofaffin ma'aikatan rediyo da makafi masu ilimi za su zo da kansu. Garin nan cike yake da masu kunne da ba a taɓa neman su ba.

Roƙo na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ku kaɗai ke da ikonsa. A 2013 aka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh a ƙasar Maroko, domin sauƙaƙa wa makafi da masu raunin gani samun littattafai. Nijeriya ta amince da ita a 2017, sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shigar da ita cikin dokar ƙasa. A ƙarƙashinta, cibiyar da ke hidimar makafi ba don riba ba tana iya mayar da littafi zuwa sigar da za su amfana da shi, rubutun makafi ne ko murya, ta ba su su kaɗai, ko da wa'adin haƙƙin littafin bai ƙare ba. Mu mutum tara a tsakar gida ba mu da wannan matsayin. Ɗakin karatu na gwamnati shi ya fi cancanta da shi. In hukumarku ta tuntuɓi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta daidaita wannan, ɗalibi makaho a makarantar Tudun Maliki, ko wanda ke shirin jarrabawar Hausa ta kammala sakandare, zai samu littattafan da ke cikin manhajarsa a kunnensa ta halastacciyar hanya. Mu mu yi karatun da sauraron, ku ku riƙe rajista da amana. A wannan tuntuɓar ce kuma za a fayyace mana sashen dokar da ya shafi tatsuniyoyi da fasahar gargajiya, don mu san iyakarmu. Haka nan takarda mai hatiminku zuwa ga kamfanonin ɗab'i da iyalan marubuta, ta neman izinin karanta wasu littattafan ga kowa da kowa, za ta samu amsar da tawa ba za ta samu ba.

Sauran ƙanana ne. A ba kowane naɗi lamba a kundinku kamar yadda ake ba littafi, a ajiye kwafi biyu a wurare daban, domin yanzu duk aikin shekara biyun nan yana cikin waya uku da kwamfutar ɗalibi ɗaya. A haɗa mu da masana Hausa na Jami'ar Bayero su riƙa duba mana juyin tsohon rubutu. Rarrabawa kuwa ba za ta yi wuya ba a garin da ke da kasuwar waya ta Farm Centre da gidajen rediyo masu yawa haka. Wanda ya zo da memorinsa a tura masa kyauta.

Na san aljihun gwamnati ba ya isar kowace buƙata, na san kuma ɗakin karatu yana da nasa lalurorin. Wani zai ce ana fama da abinci wa ke ta tatsuniya. Amsata ita ce ku dubi su waye ba sa shigowa zaurenku: makaho, da tsohuwar da ba ta yi boko ba, da matar da ke cikin gida, da direban da ke kan hanyar Legas kwana biyu, da yaron da ya iya Hausa a baki amma karatunta na yi masa nauyi. Da kuɗin harajinsu aka gina wurin, su ma nasu ne, kuma ta kunne kaɗai littafi zai isa gare su.

In Allah Ya sa kun amince, mun riga mun zaɓi abin da za mu fara naɗa a ɗakin. A cikin littafin Schön akwai labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya yi wa Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth hidima a tafiye-tafiyensa, ya bi shi har Ingila a 1855. A can ya zauna ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta daga bakinsa. Daga baya ya dawo ƙasar Hausa, ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa, a nan Kano kuma ya rasu a 1912. Unguwar da ya ƙare rayuwarsa ita ce unguwar da ɗakin karatunku yake. Ɗalibin nan na Ɗorayi ya gama juyo da shafi talatin na farko zuwa rubutun yau, shi zai karanta. Yaya ya ce in dai an samu ɗakin, a ɗauke shi a Adaidaita a kai shi, yana so ya yi wannan sauraron a zaune a cikin ɗakin karatu, wurin da rabonsa da shiga shekara shida ke nan.

Duk ranar da kuka sa mana za mu zo da labari biyu ko uku daga cikin waɗanda muka gama, da takardun gyaran da aka yi musu, ku saurara da kanku.

Allah Ya ba ku ikon dubawa. Na gode.

Wassalam.

Taku,
Malamar Hausa mai ritaya,
Ƙofar Na'isa, Birnin Kano.